Yadda ake ɗinke hotunan sama da rubutaccen umarni a kwamfuta



Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da dare yana neman tasha a gajeren zango ya san ƙarar nan ta "shhhh" da ke tsakanin tasha da tasha. Mafi yawanta daga nan duniya take fitowa: walƙiya, injuna, wayoyin lantarki, da kayan cikin akwatin kansa. Amma akwai ɗan kaso da ke zuwa daga can cikin sararin samaniya. Akwai kuma masana da aikinsu ke nan, su kama wannan ɗan kaso su mayar da shi hoto.

A watan Janairun 2022, hukumar da ke kula da na'urorin sauraron samaniya ta Afirka ta Kudu ta fitar da wani hoto da ya zaga duniya. Hoton tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki ne, cike da zare-zare masu haske da wasu ƙwallaye kamar kumfa. Babu kyamarar da ta ɗauki wannan hoto. Guda 20 aka yi daban-daban, sannan aka ɗinke su wuri ɗaya da manhajojin kwamfuta da ake ba umarni a rubuce. Yau za mu duba yadda ake wannan ɗinki, da dalilin da ya sa hoton da aka haɗa da kwamfuta zai iya zama abin yarda, a zamanin da hotunan ƙarya suka cika WhatsApp da Facebook.

Ƙarar da Jansky ya ji

Labarin ya faro ne daga wani injiniya a Amurka mai suna Karl Jansky, ma'aikacin kamfanin Bell. An ba shi aikin gano abin da ke kawo hayaniya a wayar tarhon da ake bugawa ta rediyo zuwa ƙetaren teku. Ya gina wata doguwar eriya mai juyawa a kan tayoyi a jihar New Jersey, yana saurare a kan mita mai maimaici megahaz 20.5, wato cikin gajeren zangon nan da muka saba da shi.

Ya gane ƙarar tsawa ta kusa da ta nesa. Sai wata ƙara ta uku, siririya, da ba ta yankewa. Da ya bi ta wata da watanni, ya lura tana kaiwa ƙololuwa duk bayan awa 23 da minti 56. Wannan minti huɗu da suka rage daga awa 24 su suka tona asiri, domin taurari ne ke dawowa wurinsu a sama a kan wannan lissafi, ita kuwa rana awa 24 take ɗauka. A 1933 ya sanar da cewa ƙarar daga tsakiyar gungun taurarinmu take fitowa. Har gobe, ma'aunin ƙarfin igiyar rediyon da ke zuwa daga sama sunansa yake ɗauke da shi, "jansky".

Wannan gungu kun san shi. Shi ne farar hanyar nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu farin wata. A watannin Yuli da Agusta, idan hadari ya washe, ku dubi kudu bayan sallar isha'i, za ku ga inda ta fi kauri da haske. Can ne tsakiyar. Nisanta ya haura shekarar haske 25,000. Shekarar haske ita ce tafiyar da haske yake yi cikin shekara guda, kusan kilomita biliyan 9,460, alhali daga rana zuwa nan minti takwas da ƴan daƙiƙu kawai yake yi.

Me ya sa sai da rediyo?

Tsakaninmu da tsakiyar gungun akwai ƙura mai yawa. Hasken da ido yake gani ba ya iya ratsa ta, kamar yadda hazon hunturu yake ɓoye bishiyar da ke bakin gari. Amma kun lura hazo bai taɓa hana shirye-shiryenmu isowa akwatinku ba. Haka abin yake a sama. Igiyar rediyo tana wuce ƙurar, ta iso da labarin abin da ke bayanta.

Sai dai akwai matsala. Haske da rediyo dangi ne, bambancinsu tsawon igiya. Igiyar da aka yi hoton 2022 da ita tsawonta kusan santimita 23 ne, wato ta fi ta hasken ido tsawo kusan sau 400,000. Ƙa'ida kuwa ita ce, iya tsawon igiya iya faɗin farantin da ake buƙata kafin a ga abu tar. Faranti ɗaya tak mafi girma a duniya yana ƙasar Sin, sunansa FAST, faɗinsa mita 500, an kammala shi a 2016. Duk da girmansa, a wannan igiya bai fi idon mutum rarrabe ƙananan abubuwa ba.

Faranti 64 sun zama ido ɗaya

Dabarar da ta warware wannan ita ce ta Martin Ryle na jami'ar Cambridge a Ingila, wadda ta sa ya samu kyautar Nobel a 1974. Maimakon faranti ɗaya ƙato, sai a jera ƙanana da yawa a warwatse, dukansu su fuskanci wuri ɗaya a sama, a haɗa abin da kowanne ya ji. Idan an yi lissafin daidai, za su ga ƙananan abubuwa kamar faranti ɗaya mai faɗin tazarar da ke tsakanin biyu mafi nisa a cikinsu.

Haka aka gina MeerKAT a dajin Karoo na Afirka ta Kudu, kusa da garin Carnarvon, aka ƙaddamar da shi a watan Yulin 2018. Faranti 64 ne, kowanne faɗinsa mita 13.5, siffarsu kamar farantin kama tashoshin talabijin da ke kan rufin gidaje, sai dai girma. Tazara mafi tsawo tsakanin biyu daga cikinsu ta kai kilomita 8.

Abin da ke fitowa daga waɗannan faranti lambobi ne tsantsa. Wata babbar kwamfuta tana ɗaukar faranti biyu-biyu tana gwada abin da suka ji. Faranti 64 suna ba da tagwaye 2,016, kuma kowane tagwaye suna auna wani ɗan sashe ne na siffar abin da ake kallo: na kusa da juna suna jin manyan siffofi, na nesa da juna suna jin ƙanana. Da yake duniya tana juyawa, kowane tagwaye suna canza kusurwar da suke kallon sama da ita, don haka ake barin su awanni da yawa a kan wuri ɗaya, su cike giɓi. Hoton 2022 ya ci awa 200 na saurare, ya tara bayanai terabait 70. Idan wayarka tana ɗaukar gigabait 64, sai an cika irinta sama da 1,000.

Daga lambobi zuwa hoto guda

Kafin a zo ɗinki, sai kowane yanki ya zama hoto tukuna. Matakai uku ake bi.

Na farko shi ne tsince tsakuwa, kamar yadda mata suke tsince shinkafa. Igiyar da ke zuwa daga sama rauninta ya wuce misali, wayar salula ɗaya a kusa ta isa ta danne ta. Shi ya sa Afirka ta Kudu ta yi doka a 2007 don kare yankin daga hayaniyar rediyo. Duk da haka jiragen sama da taurarin ɗan'adam suna wucewa. Manhaja ce take bin lambobin tana yi wa gurɓatattun alama a ajiye su gefe. Kuskure a nan yana da sauƙi. A tashar Parkes ta Ostareliya an shafe shekaru ana ganin wata baƙuwar alama, sai a 2015 aka gano daga tukunyar ɗumama abinci mai aiki da lantarki take fitowa, duk lokacin da ma'aikaci ya buɗe ƙofarta kafin ta tsaya.

Na biyu shi ne gyaran ma'auni. Kowane faranti yana da ɗan karkatarsa, iska da zafi ma suna taɓa igiyar. Don haka jefi-jefi ake juya farantan su kalli wani abu a sama da aka riga aka san ƙarfinsa da wurinsa, kamar yadda mai awo yake gwada tiyarsa da wadda aka yarda da ita a kasuwa. Bambancin da aka gani da shi ake gyara sauran lambobin.

Na uku shi ne wanke hoton. Tun da akwai giɓi tsakanin faranti da faranti, hoton farko yakan fito da zobba da layuka na ƙarya kewaye da kowane abu mai haske. Masana ma "hoto mai datti" suke kiransa. Sa'ar da aka yi, an san ainihin siffar wannan datti, domin yadda aka jera farantan ne yake haifar da ita. A 1974 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jan Högbom, ya wallafa dabarar da ake kira CLEAN. Kwamfuta tana neman ɗigo mafi haske, ta rubuta wurinsa, ta cire ɗan kasonsa tare da dattin da yake jawowa, ta sake neman na gaba. Haka za ta yi ta maimaitawa dubban sau har sai abin da ya rage shi ne ƙarar nan ta "shhhh" kawai. Fiye da shekara 50 ke nan, kuma har yanzu jikokin wannan dabara ake amfani da su.

Ɗinkin kansa

Farantin MeerKAT a wannan igiya yana ganin fili mai faɗin kusan wata biyu a jere. Yankin da ake son ɗauka kuwa ya kai girman farin wata cikakke sau 30. Dole a ɗauka yanki-yanki. Ku tuna masaƙin gargajiya: tsiri siriri yake saƙawa, sai an jera tsirin an ɗinke kafin ya zama gwado. Idan maɗinki bai iya ba, zanen wannan tsiri ba zai haɗu da na wancan ba, kowa zai ga tabon ɗinkin. A sama ma haka ne, kuma matsaloli huɗu manhajar take warwarewa.

Matsala ta farko, sama a gare mu kamar ƙwarya take a kife, hoto kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Kowane yanki an miƙar da shi ne daga tsakiyarsa, don haka gefunan yanki biyu ba za su hau juna daidai ba. Sai manhaja ta zana babban allo guda, ta ɗauki kowane ɗigo na kowane yanki ta lissafa ainihin gurbinsa a kan allon, ba tare da ta ƙara ko ta rage hasken da ke cikinsa ba.

Ta biyu, faranti kamar tocila yake: tsakiyar haskenta ƙarfi, gefe dishi-dishi. Abin da ya faɗo a gefen yanki yakan fito da rauni fiye da yadda yake. Ana iya ƙara masa ƙarfi da lissafi, amma ƙarar "shhhh" ma za ta ƙaru tare da shi. Maganin shi ne a sa yankunan su hau kan juna, kamar yadda ake jinkar ɗaki, kowane layin ciyawa ya rufe bakin na ƙasa da shi. A wurin da yanki biyu ko uku suka haɗu, manhaja tana ɗaukar matsakaici, amma tana ba da nauyi mafi yawa ga yankin da wurin ya fi kusa da tsakiyarsa, da kuma wanda hayaniyarsa ta fi ƙanƙanta. Shaidar wanda ya gani kusa ta fi ta wanda ya hango daga nesa, amma ba a jefar da ta na nesan.

Ta uku, kaifin yankunan yakan bambanta. Wata rana faranti biyu suna gyara, wata rana an saurara lokacin da wurin ya yi ƙasa kusa da faɗuwa. Idan aka haɗa mai kaifi da mai dushewa haka nan, awon haske zai lalace a mahaɗar. Don haka sau da yawa akan dusar da masu kaifin kaɗan su daidaita da mafi dushewa. An yi asarar ɗan kyau, amma awo ya tsaya daidai.

Ta huɗu ita ce manyan siffofi. Jerin faranti ba ya jin abu mai faɗi sosai da ya bazu ko'ina, saboda ba za a iya matso da faranti biyu kusa fiye da faɗinsu ba. Idan ana buƙatar wannan, sai a nemo hoton wuri ɗaya daga faranti ɗaya ƙato, wanda yake jin manyan siffofi amma ba ya rarrabe ƙanana, a gauraya su. A manhajar CASA sunan wannan umarni feather.

Baƙin allo da layin rubutu

Mu da muka saba da waya, taɓa hoto muke yi da yatsa abu ya buɗe. Masu wannan aiki kuwa mafi yawan lokaci baƙin allo ne a gabansu, babu hoto ko ɗaya, sai ɗan ɗigo yana ƙyaftawa yana jiran a rubuta masa umarni. Kusan kamar lambobin nan ne da muke dannawa a ƙaramar waya, tauraro da lamba da alamar tsani, don duba kuɗin kira: ka rubuta daidai ta amsa, ka kuskure harafi ɗaya ta ƙi.

Ga misali daga manhajar MIRIAD, wadda aka daɗe ana amfani da ita a jerin faranti shida na Narrabri a Ostareliya:

linmos in=hoto1,hoto2,hoto3 out=babba

Kalmar farko sunan aikin ce, wato ɗinki mai auna nauyi irin wanda muka bayyana. Abin da ke bayan "in" sunayen yankunan da za a haɗa ne, na bayan "out" kuma sunan sabon hoton da za a samu. Layi ɗaya ke nan, amma a bayansa akwai lissafi a kan miliyoyin ɗigo.

Akwai wasu manhajojin. AIPS ta hukumar sauraron samaniya ta Amurka tun ƙarshen shekarun 1970 take aiki. CASA ita ce ake amfani da ita ga jerin faranti 27 na VLA a jihar New Mexico da faranti 66 na ALMA a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, kuma da harshen kwamfuta na Python ake ba ta umarni. Montage, wadda aka rubuta a California, ta raba ɗinkin zuwa ƙananan umarni: mProject yana miƙar da yanki a kan babban allo, mBackground yana daidaita hasken bayan fage, mAdd yana haɗawa. Dukansu suna fahimtar juna saboda wani tsarin ajiye hoto mai suna FITS da aka wallafa a 1981. A saman kowane hoton FITS akwai rubutu da ke faɗin wace na'ura ce ta ɗauka, yaushe, wane wuri a sama, da wane ma'auni. Tsarin ya yi ƙarko har ɗakin karatun fadar Vatican ya zaɓe shi don adana hotunan tsofaffin littattafansa na rubutun hannu.

To me ya sa masu kuɗin gina faranti 64 suke aiki da baƙin allo? Dalili na farko, bayanan sun fi ƙarfin kwamfutar tebur. Suna zaune ne a manyan kwamfutoci a wani gari, na hoton 2022 a birnin Cape Town aka sarrafa su, kuma layin rubutu ya fi sauƙin aikawa daga nesa ko da intanet ba ta da ƙarfi. Na biyu, aiki ɗaya ake maimaitawa sau ɗaruruwa. Idan aka jera umarnin a takarda guda, kwamfuta za ta bi su dare da rana ba ta gajiya, ba ta tsallake mataki.

Dalili na uku shi ne mafi girma. Wanda ya gyara hoto da yatsa, bayan wata shida shi kansa ba zai tuna abin da ya taɓa ba. Rubutaccen umarni kuwa yana nan. Wani masani a wata ƙasa zai iya karɓar lambobin asali da takardar umarnin, ya sake bi daga farko, ya ga ko zai samu hoto iri ɗaya. Idan an yi kuskure, zai nuna layin da kuskuren yake. Bambancin bashin da aka ci da baki da wanda aka rubuta a gaban shaidu ke nan.

Gwajin baƙin rami

Wani aiki ya nuna wannan a fili. A ranar 10 ga Afrilun 2019 aka fitar da hoton farko na baƙin rami, wato wurin da nauyi ya taru har haske ma ba ya iya kuɓucewa daga cikinsa. Yana tsakiyar wani gungun taurari mai suna M87, nisan shekarar haske miliyan 55, nauyinsa ya kai na rana sau biliyan 6.5. Na'urori 8 ne a wurare 6 suka saurara tare a watan Afrilun 2017, daga Hawaii da Chile da Meziko da Sifen har zuwa ƙarshen kudancin duniya mai ƙanƙara. Bayanan sun yi yawan da sai a jirgin sama aka kwashi faifan ajiyarsu zuwa cibiyoyi biyu, ɗaya kusa da Boston a Amurka, ɗaya a Bonn ta Jamus.

Na'ura 8 a faɗin duniya giɓinsu ya fi na MeerKAT nesa ba kusa ba, kuma inda giɓi ya yi yawa, mutum yana iya ganin abin da zuciyarsa take so. Masanan sun san suna fatan ganin zobe. Don haka suka raba kansu ƙungiya huɗu, aka hana su nuna wa juna sakamako. Biyu suka bi hanyar CLEAN, biyu suka bi wata sabuwar hanya. Da suka haɗu suka buɗe, dukansu huɗu zobe suka samu, girmansa kusan ɗaya, gefensa na ƙasa ya fi haske. Ba su tsaya nan ba. Suka rubuta umarnin a manhajoji uku, DIFMAP da eht-imaging da SMILI, suka gwada su da bayanan gwaji na siffofin da ba zobe ba, don su tabbatar manhajar ba ta ƙirƙiro zobe da kanta. Daga baya suka saki bayanan da umarnin ga duk mai son ya bincika.

Abin da aka gani, da maganar launi

Mu koma ga hoton MeerKAT, wanda Ian Heywood na jami'ar Oxford ya jagoranci haɗa shi. A cikinsa an ƙirga zare-zare kusan 1,000, wasu tsawonsu ya kai shekarar haske 150. Farhad Yusef-Zadeh ne ya fara gano irinsu a farkon shekarun 1980, amma kafin wannan hoto kaɗan aka sani. An fahimci cewa ƙananan ƙwayoyin lantarki ne masu gudun kusa da na haske suke kewaya layukan maganaɗisu, amma abin da ya haife su har yanzu ana muhawara a kai. Ƙwallayen nan masu kama da kumfa kuwa ragowar taurari ne da suka fashe. A tsakiya, wuri mafi haske, nan baƙin ramin gungunmu yake, mai nauyin rana sau miliyan 4. Wurin da Jansky ya ji ƙararsa ke nan, kusan shekara 90 kafin a ga siffarsa haka.

Launin ja da ruwan lemo da kuke gani a irin waɗannan hotuna mutane ne suka zaɓa. Igiyar rediyo ba ta da launin da ido zai gani. Ana ba wuri mai ƙarfi launi ɗaya, mai rauni wani launi, kamar taswirar hasashen damina da ake shafa wa yankin ruwa mai yawa kore. Masu aikin ba sa ɓoye wannan, sukan sa ma'aunin launin a gefen hoton a rahotanninsu.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, mu da ke fama da taki da farashin hatsi, me ya haɗa mu da wannan? Abu biyu.

Na farko ya shafi ƴaƴanmu masu karatun lissafi da kimiyya a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da waɗanda ke ƙetare. Gina faranti sai gwamnatoci, amma manhajojin da muka ambata kyauta ake sauke su, kuma manyan tashoshi irin su ALMA da VLA suna buɗe bayanansu ga kowa, galibi bayan shekara guda. Ɗalibi mai kwamfutar hannu da ke aiki da Linux zai iya sauke ƙaramin kundin gwaji ya yi hotonsa na farko. Aikin kuma yana matsowa kusa. A watan Agustan 2017 Gana ta ƙaddamar da faranti mai faɗin mita 32 a Kuntunse kusa da Akara, tsohon farantin sadarwa da aka mayar na sauraron samaniya. A watan Disamban 2022 aka fara gina SKA, wanda ɓangarensa na Afirka ta Kudu zai kai faranti 197 har da na MeerKAT. Ko wanda bai zama masanin taurari ba, iya rubuta wa kwamfuta umarni da iya ɗinke hotuna shi ne ilimin da ake haɗa hotunan taurarin ɗan'adam da shi don duba gonaki da makiyaya da ambaliya.

Na biyu ya shafi kowa. Gobe za a turo muku hoto a waya a ce ga abin da aka gani a sama, ko ga abin da ya faru a gari kaza. Jin cewa an haɗa hoto da kwamfuta bai isa a ce ƙarya ne ba, kamar yadda kyansa bai isa a ce gaskiya ne ba. Tambayoyin da masanan nan suke yi wa junansu su ne za ku yi: wa ya ɗauka, yaushe, a ina, da wace na'ura, kuma akwai wani daban da ya bincika ya samu abu ɗaya? Hoton da ba shi da amsar ko ɗaya daga cikinsu, a dakata da tura shi gaba.

Idan damina ta yi nisa kuma kuka samu daren da sama ta washe, ku fito da yara tsakar gida, ku nuna musu farar hanyar nan ta kudu, ku gaya musu cewa wani ɓangare na ƙarar da ke cikin akwatin rediyo daga can yake zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.